Baƙunci a gidan sistocin Angilika: ƙararrawa, Zabura da miya babu yaji

Ga wanda ke aikin dare a Ingila, irin wanda da yawanmu muke yi a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, har ranar hutunsa ta zama ranar wanki da waya da lissafin abin da za a tura gida, akwai wani irin masauki da ba a samunsa a Booking.com. Gidajen 'yan zuhudu ne na ɗarikar Angilika. Yawancinsu suna da 'yan ɗakunan baƙi, suna kuma karɓar kowa, har wanda rabonsa da coci tun ranar da aka yi masa baftisma. Na sauka a ɗaya daga cikinsu a arewacin ƙasar cikin hunturu, ƙaramin gida na mata waɗanda ba su kai goma ba. Shawarata ita ce ku je. Sai dai ku san abin da za ku tarar, domin ba otal mai araha ba ne, ba kuma irin addu'ar kwana da muka saba da ita ba ce, mai ganga da makirufo.

Ba zan faɗi sunan gidan ba. Ina da ƙorafi a kansu, kuma ba na so ƙorafin mace ɗaya ya zama tambari a goshin tsofaffin da suka ciyar da ni.

Ni 'yar Wusasa ce, cikin Angilika na buɗe ido, na yi kwaya, na shiga Zumuntar Mata, amma sai da na zo ƙasar nan na ji cewa mu ma muna da sistoci. Dalilin a fili yake. Waɗanda suka kawo mana bishara, su Likita Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, sun fito ne daga reshen cocin Ingila da ya fi ƙarfi wajen wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki da makaranta da asibiti, ba ruwansa da kyandir da turare da doguwar rigar zuhudu. Shi ya sa da na gaya wa mahaifiyata a waya inda za ni, sai da ta yi jim, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, Katolika kika koma ban sani ba?" Na ce, "A'a Mama, namu ne, littafin addu'armu ɗaya." Ta ce, "To, Allah ya sa. Ki dai riƙe abin da aka koya miki."

Mama tana da hujja, don cocin Ingila ta yi kusan shekara 300 ba ta da gidan zuhudu ko ɗaya. Sarki Henry na Takwas ne ya rufe sama da 800 tsakanin 1536 da 1540, ya ƙwace filayensu da dukiyarsu. Kufansu na nan har yau a wurare irin su Fountains da Rievaulx a yankin Yorkshire, 'yan yawon buɗe ido na biyan kuɗi su shiga su ɗauki hoto. Abin bai sake tohowa ba sai bayan yunƙurin malaman Oxford na 1833, su John Keble da Edward Pusey, kuma mata ne suka yi gaba. Marian Hughes ta ɗauki alkawarin zuhudu a 1841, aka buɗe gidan sistoci na farko a Landan a 1845, na Wantage ya biyo baya a 1848. Maza sai a 1866 suka samu nasu mai ɗorewa a Cowley. Da farko kallon 'yan koren Fafaroma ake yi musu, kuma babban abin da ya wanke su a idon jama'a shi ne jinya: sun shiga unguwannin talakawan Plymouth lokacin kwalarar 1849, waɗansunsu kuma suna cikin matan da suka bi Florence Nightingale yaƙin Crimea a 1854. Ni da nake nas, wannan kaɗai ya isa in shiga gidan da ladabi.

Ta imel ake neman ɗaki. Sista mai kula da baƙi ce ke amsawa, kuma ba ta san gaggawa ba, don haka kada ku rubuta yau kuna shirin tafiya gobe. Ta tambaye ni ko na taɓa sauka a irin wannan gida, ko ina iya hawa bene, da abin da ba na ci. Wannan ta ƙarshen ku amsa ta da gaske. Naman alade abincin yau da kullum ne a ƙasar nan, tukunya ɗaya kuma ake ɗorawa don kowa, amma in an faɗa da wuri za su tanadi wani abu dabam ba tare da an ɓata fuska ba. Farashi kuwa babu shi. Sukan faɗi abin da baƙo ɗaya ke ci musu a kwana, haɗe da abinci sau uku, kuma bai kai abin da na taɓa biya a otal mafi araha a gari ba, inda ko ruwan shayi ba a ba ni ba. Akwai ambulan a ɗaki. Mai hali ya ƙara, marar hali ya sa abin da ya sawwaƙa, ba a buɗewa a gabanka.

Isa wurin shi ne wahala ta farko. Daga tashar jirgin ƙasa sai an hau bas, bas ɗin ba ta zuwa akai-akai, ranar Lahadi kuma ba ta zuwa sam. Takardar kwatancen da suka turo ba ta faɗi haka ba, ga shi sabis ɗin waya a kwarin nan sai an hau tudu. Ku shirya tasi tun daga gida.

Sistar da ta buɗe min ƙofa tana dogara sanda. Ta karɓi ƙaramar jakata duk da na hana, ta kai ni kicin ɗin baƙi ta nuna min butar lantarki da gwangwanin biskit da inda madara take a firji, ta nuna min ƙofar da baƙo ba ya wucewa, wadda bayanta sashen sistoci ne kaɗai. Ɗakin gado ɗaya ne, da tebur da kujera, da fitilar karatu, da gicciye na itace a bango, da kwatamin wanke fuska a kusurwa. Banɗaki na haɗaka ne a ƙarshen baranda. A kan gado an ajiye robar ruwan zafi cikin rigar ulu da wata ta saƙa da hannu, zaren ma kala biyu ne, da alama na farko ya ƙare a tsakiya. Sai ta miƙo min takarda ɗaya ta ce, "Ga lokutan addu'a. Ki zo wadda kike so, ki bar wadda ba kya so, babu mai ƙirgawa." Ta ja ƙofa ta tafi.

Shi ke nan tarbar. Mu da muka taso da baƙonka annabinka, mun san baƙo ba a barinsa shi kaɗai: a kawo ruwa, a kawo fura, a zauna a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, yara su leƙo, maƙwabta su shigo sannu da zuwa. Na zauna a bakin gadon ina jin kamar an yi min rowar fuska. Su ma fa suna da tasu ƙa'idar mai nauyi. Dokar Benedict, wanda ya tsara zaman zuhudu a Italiya a ƙarni na 6, ta ce a babi na 53 a karɓi kowane baƙo kamar Almasihu ne ya zo, ta kafa hujja da Matiyu 25. Yadda suka fahimci abin ne ya bambanta da namu. A wurinsu girmama baƙo shi ne a ba shi ɗaki mai tsabta, a ciyar da shi a kan lokaci, a buɗe masa ƙofar ɗakin sujada, sannan a ƙyale shi. Babu wadda ta tambaye ni me ya kawo ni, ko ina da miji, ko me ya sa idanuna suka kumbura. Kafin gari ya waye na gane rabona da a ƙyale ni haka tun ina yarinya.

Ƙararrawa ce ke mulkin gidan. Tana kaɗawa kafin bakwai don addu'ar safe, da hantsi don Jibin Ubangiji, da tsakar rana, da yamma, sannan da dare kafin kwanciya. Wanda ya girma a Zariya ba sai an yi masa bayani ba: yadda kiran salla ke yanka yini gida-gida, mai shago ya rufe, mai ɗinki ya ɗaga ƙafa daga keke, haka take yi musu. Na ga wata sista tana cikin yanka albasa, tana jin ƙarar ta ajiye wuƙa a tsakiyar albasar, ta goge hannu ta wuce.

Tsarin asali na Benedict sau takwas ne a yini da dare, a sauke Zabura 150 cikin mako guda. Akbishop Thomas Cranmer ne ya naɗe su zuwa biyu a littafin addu'a na 1549, ta safe da ta yamma, ya kuma raba Zabura a kan wata guda don manomi da ɗan kasuwa su iya bi. Wannan gadon ne ya iso mana har Wusasa. Sistocin sun maido da waɗansu daga cikin lokutan da ya naɗe, amma ƙashin bayan sujadar ɗaya ne, don haka ɗan Angilikan Najeriya ba zai ɓace ba. Waƙar Zakariya da safe, Waƙar Maryamu da yamma, ta tsoho Saminu da dare, Addu'ar Ubangiji a kowane zama.

Ɗakin sujadar ƙarami ne, kujeru layi biyu suna fuskantar juna, baƙi a baya. Ɓangare ɗaya ya karanta aya, ɗayan ya amsa da ta gaba. A tsakiyar kowace aya kuma akwai tsayawa. Ba ɗan ja numfashi ba, tsayawa ce sosai, har ka ji ƙarar bututun ɗumama ɗaki da kukan hankaka a waje, sannan su ci gaba tare kamar da baki ɗaya, ba tare da wata ta ba da alama ba. Sabon baƙo yakan ruga ya faɗa cikin wannan shirun shi kaɗai, muryarsa ta fito tsirara, kuma babu mai juyowa ta dube shi. Muryoyin nasu ba na kwaya ba ne. Ɗaya tana rawa, ɗaya kullum tana ƙasa da sauran, na'urar jin wata kuma takan yi fito in ta sunkuyar da kai wajen ɗaukaka ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Babu wa'azi. Babu "baƙinmu na yau su miƙe mu gan su". Babu kwanon baiko. Minti ashirin ko ashirin da biyar an tashi.

Abin da ya fi kama ni shi ne ba a zaɓar karatu don ya dace da yanayin kowa. Zaburar da ta faɗo ranar ita za a karanta, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Wata safiya Zabura 88 ce ta zo, wadda mai ita ke kuka tun daga farko har ƙarshe, ta kuma ƙare a cikin duhu babu ko kalmar ta'aziyya. A duk shekarun da na yi ina zuwa coci ban taɓa jin mai jagorar sujada ya buɗe ta ba. Mu na nasara muke so, na rawa da tafi, kuma ba laifi ba ne. Amma wadda ta rufe idon majinyata da hannunta cikin dare, ta kira 'ya'yansu a waya, sannan ta koma ta ci gaba da raba magani, tana bukatar wurin da za a karanta mata wannan Zabura a hankali, a tsaya a tsakiyar kowace aya, kuma kada kowa ya biyo da cewa ta yi murmushi Allah na nan. Tsofaffin nan sun karanta ta haka, suka rufe littafi, suka tafi karin kumallo. Ba don ni suka yi ba. Da ban zo ba ma haka za su yi, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da gidan ke bai wa baƙo: sujadar da ba a shirya don a burge shi ba.

Addu'ar dare a ɗan duhu ake yinta, yawancinsu da ka, Zabura 4 da 91 da 134. Daga nan babban shiru ya fara, ba a sake magana sai bayan karin kumallo.

Abinci ma a shiru ake ci, sai dai da rana wata takan karanta littafi a bayyane yayin da sauran ke ci. In kana son gishiri ba ka tambaya, ta kusa da kai ce za ta lura ta turo maka, kai ma ka koyi lura da farantin wani. Girkin na gida ne mai tsabta: miyar kayan lambu da aka niƙa, burodin da suke gasawa da kansu, dankalin turawa da kabeji, kifi ranar Juma'a, tuffa daga itatuwan bayan gida da aka dafa da ɗan sukari. Ana ƙoshi. Amma maganar gaskiya, harshen Bahaushe zai yi maraici, don barkono bai taɓa taka gidan nan ba. Allah ya sa na tafi da yajin ƙuli a 'yar kwalba. Ranar Lahadi da rana, lokacin da aka yarda a yi hira a tebur, mafi tsufansu ta nuna kwalbar ta ce ita ma a ɗan barbaɗa mata. Na ce, "Mama, da zafi fa." Ta ce ta haura tamanin, me ya rage ta ji tsoro. Ta yi tari har da hawaye, sannan ta miƙo farantin a ƙara. Bayan ci baƙi ne ke goge kwanuka, ba dole ba ne, amma kunya ba za ta bari ka zauna ba.

A wannan hirar ce wani baƙo, Bature mai yawan karatu, da ya ji daga inda na fito sai ya gyara zama yana so mu buɗe rigimar da ke tsakanin bishop-bishop ɗinmu na Najeriya da Canterbury, mazaunin babban akbishop na cocin Ingila. Ban kai ga buɗe baki ba shugabar gidan ta ce masa a nan kowace rana suna yi wa diyosis ɗin wata ƙasa addu'a bi da bi, na Najeriya na ciki, na Ingila na ciki, sannan ta tambayi wa zai ƙara shayi. Maganar ta mutu a nan. Na ji daɗin kariyar.

Duk da haka akwai abubuwan da ɗan cocinmu ya kamata ya sani kafin ya je, don kada ya sha mamaki. Akwai hoton Maryamu da kyandir a gabansa. Akwai fitilar da ba ta mutuwa kusa da inda ake ajiye gurasar Jibi. Sistocin ba su da firist nasu, na maƙwabta ne ke zuwa bi da bi, kuma a cikinsu akwai mace, domin cocin Ingila ta fara naɗa mata firistoci tun 1994, abin da cocin Najeriya ba ta yi. Wanda lamirinsa bai ba shi ba yana iya zama a kujerarsa lokacin karɓa, ba za a kalle shi ba.

Babban ƙorafina littattafai ne. A gaban kowace kujera akwai littafin addu'a, da na Zabura dabam, da na waƙoƙi, da wata takarda mai lanƙwasa ta lokacin shekara, ga zaren alama kala-kala suna reto. Su sun haddace inda za a tsallaka, baƙo kuwa yana can yana juya shafi har an kai Amin. Ni da na tashi da littafin addu'a ma sai da na sha wuya, balle wanda bai taɓa riƙe shi ba. Gidan da ya ce baƙo Almasihu ne bai kamata ya bar shi yana lalube ba. Allo ɗaya mai lambobin shafi ya isa, ko wata ta zauna kusa da sabon zuwa a zaman farko. Na biyu, ana iya samun sista a keɓe a yi magana da ita a kan abin da ke damun mutum, amma ba a faɗa ba sai da na ji daga bakin wani baƙo, lokacin kuwa an riga an cike gurbin. Na uku sanyi. Ana kashe na'urar ɗumama da wuri don tsimin kuɗi, kuma robar ruwan zafin nan ba ado ba ce. Ku tafi da safa mai kauri.

Idon nas ba ya hutu. Na ga kumburin ƙafa, na ga akwatin ƙwayoyi mai ranakun mako a gefen faranti, na ga wadda ke fara tafiya ɗakin sujada tun kafin a kaɗa ƙararrawa don keken dogarawarta ba ya sauri. Ƙaramarsu ta ba sittin baya, kuma ita ce direba, ita ce mai girki, ita ce mai ɗaga wadda ta faɗi. Haka gidaje da yawa suke a Ingila yanzu, waɗansu sun sayar da manyan gine-ginensu sun koma ƙanana, waɗansu sun rufe. Ƙarfin zuhudun Angilika ya koma wasu wurare. Ƙungiyar 'yan'uwa ta Melanesia, wadda wani tsohon ɗan sanda mai suna Ini Kopuria ya kafa a tsibiran Solomon a 1925, matasa ne cike da ita, alkawarinsu na 'yan shekaru ne ba na har abada ba, kuma an kashe bakwai daga cikinsu a 2003 a kan aikin sulhu. A Landan ma Akbishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya buɗe zaman shekara guda na matasa a fadar Lambeth a 2015, da sunan waliyyi Anselm. Irin ƙaramin gidan da na sauka kuwa, wanda ke son ganinsa kada ya ce sai baɗi.

Gidajen da aka sani suna karɓar baƙi suna da dama. Akwai Mirfield a yammacin Yorkshire, gidan maza na ƙungiyar da Charles Gore ya kafa a 1892. Daga cikinsu Trevor Huddleston ya fito, wanda ya riƙa zuwa asibiti duba Desmond Tutu na Afirka ta Kudu lokacin da Tutu yana yaro tarin fuka ya kwantar da shi. Akwai 'yan'uwan ƙungiyar waliyyi Francis masu rigar ruwan ƙasa a Alnmouth a bakin teku, da Hilfield a Dorset. Akwai sistocin Whitby da suka daɗe suna aiki a Ghana, da na Malling a Kent, da Mucknell a Worcestershire inda maza da mata ke zaune a ƙarƙashin doka ɗaya. Kowanne da tsarinsa, don haka a rubuta a tambaya.

Ba wurin zuwa da ƙananan yara ba ne, ba kuma wurin da ƙawaye za su haɗu su sha hira ba. Wanda ba ya iya rabuwa da waya zai wahala, don a ɗaki kaɗai ake amsa ta, da murya ƙasa-ƙasa. Makon Ista da kwanakin gab da Kirsimeti ɗakuna na cika tun da watanni, kuma yawancin gidajen sukan rufe ƙofar baƙi na ɗan lokaci a shekara don su ma su huta. A nemi tsakiyar mako, shi ya fi sauƙin samu.